Wa Ya San Gamba A Cikinku?

Jama'a, ku ɗan matso kusa, maganar da zan kawo yau ta ciyawa ce. Na san wani a cikinku zai ce duk abin da ke damun mutanen Kakuri da Makera a nan Kaduna, a rasa abin hira sai ciyawa? Ku yi mini uzuri ku ji ta har ƙarshe. Abin ya daɗe a raina, kuma ba irin maganar da ake kaiwa gaban taro ba ce. Sai dai a faɗa wa waɗanda aka saba da su, waɗanda suka san inda aka fito.

Ku gwada wannan idan kun koma gida. Ku kira yaro ɗan sakandare, haifaffen Barnawa ko Nasarawa ko Sabon Tasha, ku nuna masa abin da ya tsiro a gefen layin dogo, ku ce ya faɗi sunansa. Zai ce ciyawa. Ku nuna masa wata daban, zai sake cewa ciyawa. Iyayenmu ba haka suke magana ba. A bakinsu ciyawa sunan dangi ne kawai, kowace ɗaya da nata sunan yanka. Akwai harƙiya da ake yanko wa doki. Akwai burburwa mai laushi da ake tarawa a ajiye wa tumaki, da kyasuwa mai jan kai da ke cika saura idan damina ta ja baya, da tofa mai tsini wadda manomi ba ya son gani a gonarsa, da ƙarangiya da ke maƙale wa mutum a wando, da kirikiri mai yaɗo a ƙasa. Duk wanda ya kira ɗaya daga cikin sunayen nan, ya riga ya gaya maka inda take fitowa, da dabbar da ke cinta, da watan da ake yankanta.

A cikinsu duka, wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce gamba.

Waɗanda suka taso a ƙauye sun santa. Doguwa ce, takan wuce tsayin mutum nesa ba kusa ba, har ta kai mita uku ko huɗu idan ta sami wuri. Ba ta bin sahun ciyayin da ke mutuwa da ɗaukewar ruwa su jira iri ya sake tsirowa baɗi. Ita gindi take kafawa, dunƙule guda, ta zauna a nan shekara da shekaru, saiwarta ta nutse cikin ƙasa tana neman laima inda sauran ba sa kaiwa. Ganyenta dogo ne, da farin layi a tsakiyarsa, da ɗan gashi mai laushi idan ka shafa. Idan kaka ta yi, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, sai ta fitar da kai mai farin gashi, ka hango fili ya yi fari fat da hantsi.

To, me Bahaushe ke nufi idan ya ce gamba? Ya danganta da watan da ya faɗa da kuma sana'arsa. Makiyayi idan ya ce gamba ta tofo, albishir yake yi. A ƙarshen bazara, lokacin da shanu suka rame har ana ƙirga haƙarƙarinsu, ita ce kan gaba wajen fitar da sabon ganye, wani lokaci tun ruwa bai sauka sosai ba, musamman inda wuta ta bi ta cinye tsohon kara. Wannan ɗanyen tofon shi ke riƙe garke kafin sauran ciyayi su farka. Amma makiyayin ya san iyakarta. Da zarar ta yi kara ta fitar da kai, amfaninta ga dabba ya ragu ƙwarai, saniya sai dai ta tsinci ganyen ta bar sauran. Wanda ke son ingirici mai kyau, tun tana ɗanya yake sa mata lauje, kafin ta yi fure.

Mai saƙar zana kuwa, daidai lokacin da makiyayi ya juya mata baya shi yake jira. Gamba a bakinsa kara ce, wadda ta ƙosa ta miƙe. Manomi kuma nasa karatun daban. Idan ya bar gona ta huta, shekarun farko ƙananan ciyayi ne ke mamaye ta. Ran da ya zo ya tarar gamba ta kafa gindi a ciki, ya san ƙasar ta dawo da ƙarfinta, ana iya komawa a sa mata garma. Kalma ɗaya ce, mutum uku kowa da abin da yake ji a cikinta, kuma babu wanda ya yi kuskure.

Bari in ba ku labarin zana, don na san akwai waɗanda suka yi shekaru ba su ga ana saƙa ta ba. Kwanakin baya na tsaya wajen wani dattijo a gefen hanyar Kachia, bayan an wuce Sabon Tasha, yana aiki a inuwar mangwaro. Dammunan gamba na jingine a bayansa, sun bushe sun yi ruwan zinariya. Ya kwance guda, ya yayyafa masa ruwa daga buta, ya bar shi ya yi laushi don kada ya karye a hannu. Sannan ya tsuguna, ya riƙa ɗibar karan tsagi-tsagi, yana gicciya wannan a kan wancan a karkace, yana take inda ya gama da ƙafa don kada ya warware. Idan tsagi ya kusa ƙarewa sai ya cusa sabon kara a ciki, ba za ka gane mahaɗin ba. Bakin zanar kuma ya naɗe shi ya mayar ciki. Babu ƙusa, babu zare, babu allura. Na ce, “Baba, ina kake samo gambar?” Ya nuna kudu da haɓa, ya ce da can nan bayan gari yake yankowa da kansa, yanzu sai dai a kawo masa daga nesa ya saya, don inda take duk an yanka fuloti, inda ta rage kuma ba kowa ke iya shiga dajin ba. Ku kun san matsalar tsaro yake nufi.

Da wannan zanar aka yi shingen gidajen kakanninmu, da ita aka kewaye makewayi, da ita aka yi rumfar kasuwa da ta mai tsire. A ƙasar Maradi da Damagaram har rumbun hatsi ake yi da ita. Can da arewacin Katsina da Jigawa, inda ƙasar noma ta yi ƙaranci, manoma ba sa jiran daji ya ba su. Dasa ta suke yi a kan iyakar gona, a tsaga gindi a kafa a jere. Ta raba gonarka da ta maƙwabci ba tare da rigima ba, ta tare ƙasa kada iska da ruwa su kwashe, da kaka kuma a yanke a ɗaure dami a kai kasuwa. Sannan duk wanda ya yi karatun allo a cikinku ya tuna alƙalami. Sillen gamba ake zaɓa mai ƙwari, a feƙe bakinsa da reza, a ɗan tsaga tsakiya don ya riƙe tawada. Da yawanmu harafin farko da muka rubuta a duniya da ita muka rubuta shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ku matso. Sunan nan namu ya yi tafiyar da yawancinmu ba mu yi ba.

Turawan mulkin mallaka da suka zo sun tarar mutane na da suna ga kowane tsiro, sai suka zauna suka rubuta. Wani likita mai suna Dalziel ya fitar da littafin sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma a 1937. Masana ilmin tsirrai suna da nasu sunan na Latin da suka laƙaba wa ciyawar tun ƙarni na 19, wato Andropogon gayanus. Wani Bajamushe mai suna Kunth ne ya raɗa shi. Kashin farko daga Girkanci yake, ma'anarsa gemun namiji, saboda farin gashin nan da ke kanta. Kashi na biyu kuma girmamawa ce ga wani masanin tsirrai mai suna Gay. Wannan sunan littafi ne. Da aka zo sunan da za a riƙa kiranta da shi a gona da kasuwa, Ingilishi namu ya ɗauka. Har gobe gamba suke cewa. Kyasuwa ma haka, da sunanta na Hausa ta shiga littattafan kiwo na duniya.

Ba sunan kaɗai ya fita ba. Kun san Shika, nan kusa da Zariya a hanyar Funtuwa, inda aka kafa gonar kiwo ta gwamnati tun 1928, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, NAPRI, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Daga can aka ɗauki irin gamba a 1973 aka kai Kolombiya, cibiyar binciken noma ta CIAT. Mutanen Kudancin Amurka suna da makeken fili mai ƙasa mai tsami, marar ƙarfi, wadda ciyayin kiwo da yawa ba sa jurewa. Suka gwada tamu, suka ga ta zauna daram, ta jure fari, ta jure wuta, ba ta neman taki mai yawa. A 1980 Kolombiya ta raba wa makiyayanta ita da sunan Carimagua 1. A shekarar nan Burazil ta fitar da ita da sunan Planaltina. Benezuwela ta kira ta Sabanero, Meziko ta ce Llanero, Panama ta ce Veranero. Nikaraguwa ce ta bar mata sunanta na gida, Gamba. Duk waɗannan zuriyar irin nan ne da ya bar Shika. Shanun da ake fitar da namansu kasuwannin duniya daga wasu sassan Burazil, ciyawar ƙasar Zazzau suke ci.

Ina faɗin wannan da alfahari, amma akwai ɗaci a ciki. Su suka ɗauka suka auna, suka tace iri, suka koya wa manomi yadda zai shuka ta hekta-hekta. Mu da muka ba ta suna muna nan muna jiran ta fito da kanta a daji, dajin kuma kullum ƙara matsewa yake.

Sai kuma Ostareliya, inda labarin ya juya. An kai ta arewacin ƙasar tun shekarun 1930 don gwajin kiwo, daga baya aka fitar da wani iri da suka kira Kent aka raba wa masu garke. Ta yi kyau, ta yi kyau har ta wuce gona da iri. Irinta mai gashi ne, iska na ɗauka, tayar mota na ɗauka, ta tsallake shingen gonaki ta shiga dazuzzukan kudu da birnin Darwin, har cikin gandun dajin Litchfield. Ciyayinsu na asali gajeru ne, wutar daji takan bi ta ƙarƙashin itatuwa ta wuce. Gamba kuwa ta tsaya mita huɗu, ta bushe a tsaye babu mai taɓa ta. Idan wuta ta kama, masu bincikensu sun auna zafinta ya kai har ninki takwas na wutar da suka saba da ita, tana hawa har kan bishiyoyin turare ta kashe su. A 2008 gwamnatin yankin Arewacin Ostareliya ta ayyana ta a matsayin muguwar ciyawa, a 2012 kuma aka sa ta cikin jerin ciyayin da ƙasar baki ɗaya ke yaƙi da su. Yau a Darwin idan ka ce gamba, gobara mutum ke ji, da kuɗin feshi, da jirgin sama mai kashe wuta. Kyasuwarmu ma tana cikin waɗanda suke kuka da su.

Na daɗe ina juya wannan a raina. Ciyawa ɗaya, a Maradi dukiya, a Darwin bala'i. Masana za su kawo dalilai na yanayi da na ƙwari da na irin dajin, kuma gaskiyarsu ne. Ni dai abin da na gani shi ne, sun ɗauki ciyawar da sunanta, amma ba su ɗauki hannuwan da ke kewaye da ita ba. A nan gamba ba ta taɓa samun sakewa ta tsaya shekara guda babu mai damunta ba. Tana tofowa bunaji ya bi ta kanta. Ta yi tsawo mai lauje ya zo. Ta ƙosa mai zana ya kwashe, mai jinka ya ɗebi nasa, almajiri ya zaɓi na alƙalami. Abin da ya rage wa wuta kaɗan ne. Duk wannan aikin yana cikin abin da muke nufi da kalmar, kuma shi ne bai shiga jirgi ba.

Kada mu yi wa mutanen Ostareliya dariya, domin mu ma hannuwan nan muna rasa su, ta wata hanyar. Ku dubi wannan ɓangaren namu na kudancin kogin Kaduna. Dattawan da suka zo aikin masaƙa a Kakuri, tun buɗe KTL a 1957 da sauran masaƙun da suka biyo baya, za su gaya muku cewa daga bayan unguwar Television zuwa Romi da Gonin Gora gonakin Gbagyi ne da saura da daji. Ma'aikacin masaƙa zai tashi aiki ya ɗauki lauje ya yanko wa akuyarsa abinci a bayan gida. Yau Kamazou da Mararrabar Rido duk gini ne, kuma ba laifi ba ne mutum ya nemi inda zai sa kansa. Kwano da bulo sun maye gurbin zana. Mai shayi tampol yake ɗaurawa. A gonakin da suka rage, maganin feshi ba ya tambayar sunan ciyawa, da tofa da gamba duk ɗaya ne a wurinsa, kuma gindin da ya shekara goma yana riƙe da bakin gona rana ɗaya ake kashe shi. Ga masu cinna wa daji wuta da rani saboda farautar gafiya, tun mai zana bai kai ga yanka ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne lokacin Babbar Sallah. Duk wanda ya taɓa turke rago a cikinku ya san yadda kuɗin harawa da dusa da ƙowa ke tashi, har mutum ya riƙa lissafin ko kiwon ma ya biya. Mata da yawa a unguwannin nan da kiwon tumaki biyu ko uku suke biyan kuɗin makarantar yara. Ga ciyawar da ta dace da ƙasarmu, wadda ba ta neman taki mai yawa, wadda ake dasawa sau ɗaya a yi shekaru ana yanka, amma ba ta cikin lissafin kowa. Ba na cewa gamba kaɗai za ta ƙosar da rago, ba za ta yi ba, sai an haɗa mata da harawa ko ƙuli ko dusa. Amma rabin abin da ake saya da tsada ana iya samunsa a gefen katanga.

Kuma ilmin ba nisa ya yi ba. A shekarun 1980 cibiyar binciken kiwo ta Afirka, ILCA, tana da ofishi a nan Kaduna, ta yi aiki da Fulani a yankin Kachia kan yadda za a killace fili a shuka abincin shanu a ajiye wa rani. Makiyayar Ladduga tana nan. Shika tana nan, tafiyar da ba ta kai wuni ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar kula da kiwo mai zaman kanta. Kullum ana maganar a zaunar da makiyaya wuri ɗaya don a huta da rikicin gona da shanu, wanda ya ci rayukan da ba su ƙirguwa a jihar nan. To, saniyar da aka zaunar me za ta ci? Duk wanda ke wannan magana da gaske, dole bakinsa ya saba da sunayen ciyayi, gamba a sahun farko.

Akwai wani abu kuma da nake so ku riƙe, tunda mu kaɗai ne. Tun rikicin shekarar 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka a zukatan mutane, kowa ya san gefen da ya fi sakin jiki. Amma ku je inda ake cinikin dami ku saurara. Bagwariya ce ta ɗauko a kafaɗa, mutumin Zangon Kataf ko Kajuru ne ke tayawa, Bafulatani na tsaye yana duba ganyen, mai zana Bakatsine ne. Kowannensu yana da sunan ciyawar nan a harshen uwarsa, kuma ya kamata ya riƙe shi ya koya wa 'ya'yansa. Amma a bakin ciniki gamba suke cewa duka, kowa kuma ya gane. Irin waɗannan kalmomin da muka yi tarayya a kansu ba su da yawan da za mu bari su zube.

Shi ya sa nake roƙonku abu mai sauƙi. Wanda ke da gona a bayan Gonin Gora ko hanyar Kachia, idan ya zo feshi ya ce wa yaran su tsallake gindin gamban da ke kan iyaka. Wanda ke da fulotin da bai tashi ginawa ba, ya samo gindi biyu ko uku farkon damina, ya tsaga ya dasa a jere ta gefen katanga, ya riƙa yanka tana ɗanya, kada ya bari ta bushe a tsaye kusa da gidajen mutane. Malaman makaranta da ke cikinmu, ku fita da yara bayan aji ko sau ɗaya a zango, ku nuna musu harƙiya da kyasuwa da tofa da gamba, kowace da sunanta da aikinta. Idan kuma kun bi hanyar Kachia kun ga mai zana, ku tsaya ku sayi ko guda ɗaya, ku tafi da yaranku su ga yadda ake saƙa ta.